Usur a Kan Ƙusa

Ni Rabe ne, mai faci a Ƙofar Marusa.
Shekara goma sha tara ina neman huji cikin ruwa,
in tsoma tub a baho, in jira kumfa ta tona asiri.
Ƙwallo ta san hannuna, ƙafata kuwa ko gaisuwa ba su yi.
Yara kan kawo ta a saɓe, ta yi laushi kamar tumatirin jiya,
in shafa sholisho, in liƙe, in ba ta iska,
in ce ku tafi da kuɗinku.

Ranar da Koci Mansir ya samu aiki a Funtua
ya bar mini usur, wai ajiya, kafin a samu wani.
Ba a samu ba.
Laraba da la'asar sai ga su, su goma sha huɗu,
sun yi cirko-cirko, ido a kan ƙusar da na rataye shi.
Lawandi, ɗan autansu, ya ce,
"Baba Rabe, kai dai busa, mu mun san saura."

Na busa.
Akuyar maƙwabta ce ta fara gudu.

Na yanka tsofaffin tayoyi na jera a fili,
don na ga ana jera wani abu.
Na sa su zagaye har harshe ya fito,
don ban san me ake yi bayan zagaye ba.
Da dare na biya kuɗin gidan kallo,
kowa na bin ƙwallo da ihu,
ni ina bin mai kwat ɗin da ke bakin layi,
ina rubuta motsin hannunsa a bayan kwali.

Satar gida ta gagare ni.
Na kira Tasi'u gefe, na haɗiye girma,
ya tsuguna, ya jera marafan kwalba a ƙasa,
sau uku yana maimaitawa, bai yi dariya ba.
Allah Ya yi wa yaron nan albarka.

'Yan Rafindadi suka zuba mana bakwai.
Bakwai, babu ko ɗaya.
Nafi'u mai tsaron gida ya cire silifas ɗin da ya sa a hannu,
ya kifa kai jikin turke yana shessheƙa.
Na laluba bakina, babu maganar koci a ciki.
Na saya musu ƙosai, muka tako gida shiru.

Sai washegari, ina danne da tub a baho,
kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya daga wuri guda,
hannuna ya tsaya cik.
Ba a facin abin da ba a gano ba.
Ran atisaye na daina ihu, na zauna kan taya ina kallo.
Ashe hagu ce ke yoyo:
Dikko ya tafi gaba kamar an aike shi kasuwa,
dawowa kuma sai ya ga dama.
Ban zage shi ba.
Na ce, "Ka tafi da gudu, ka dawo da wanda ya fi shi,
Tasi'u zai riƙe maka ƙofa."

Bayan wata biyu muka koma Rafindadi.
Uku da ɗaya. Mu ne da ɗayan.
Lawandi ne ya ci, da gwiwa, shi ma bai san ya aka yi ba,
amma mun yi tsalle har hulata ta ɓata.

Jiya wani ɗan acaɓa ya turo babur,
ya ce, "Koci, duba mini ta baya."
Na waiga ina neman Mansir.
Sannan na ɗauko sifana.
Ƙarfe huɗu saura, usur na lilo a ƙusa,
na ce masa, "Da sauri zan yi, ana jirana."