Turmin Barira

Na kifa turmin Barira a gindin bedi,
na aza kwamfuta a bayansa.
Nan ne biro yanzu.
Duk faɗin gidan nan namu na unguwar Zariya
nan kaɗai rezo ke yarda ya sauka,
shi ma a ɗarare, kamar wanda ake bi bashi.

Ranar da aka sallame mu, patoro ya tsaya daga nesa,
takunkumi a baki, murya kamar daga cikin tulu:
kowa ya ɗauki aikinsa ya tafi gida.
Na ɗauko nawa a hammata, ba nauyi.
Shirun da na tarar a tsakar gida,
shi ne na kasa ɗagawa.

Lissafi ne sana'ata.
Ina ƙirga motocin da ba su tashi ba,
buhunan da suka gaji da kwanciya a sito.
Barira ta tafi Jibiya duba gyatumarta
da ƙunshin kayan kwana huɗu,
hanya ta rufe a bayanta kamar ruwa bayan jifa.
Yau kwana talatin da bakwai.
Shi ma na rubuta shi,
a shafin da patoro ba ya dubawa.

Wani ƙadangare mai jan kai yakan iso ƙarfe tara,
bai taɓa makara ba.
Na raɗa masa Ma'azu, sunan maƙwabcin teburina,
don shi ma haka yake gyaɗa kai
ko ya ji ko bai ji ba.
Jiya na karanta masa rahoton wata. Ya amince.

Da la'asar nakan hura gawayi.
Hannuna bai iya auna shayin mutum ɗaya ba,
na mutum takwas ya saba.
Tabarmar fada tana naɗe a bayan ƙyaure
da ɓawon gyaɗar watan jiya a cikinta.
In sha na farko, in sha na biyu,
na uku in zuba wa bedi.

Juma'a ta zo, na yi wanka, na sa farar riga har da turare,
na kai zaure kafin in tuna.
Na dawo muka yi sahu ni da inuwata,
ita ma sai da ta ba ni tazara.

Inna Tsahara ce ba ta san doka ba, ko ta sani ta yi mata dabara.
Takan ɗora kwanon tamaka da ƙuli bisa katanga,
ta ƙwanƙwasa da ludayi sau biyu.
Kana nan?
Ina nan.
Iyakar hirar ke nan,
amma da ita nake kai wa magariba.

Daren jiya aka ɗauke wuta, zafi ya zauna mini a ƙirji.
Da sauran numfashin waya na buɗe saƙon Barira,
daƙiƙa goma sha ɗaya.
A bayan muryarta wata na daka, wani yaro na kuka.
Ta ce jikin tsohuwa da sauƙi.
Ta ce, ka dai shigar mini da turmi, kada rana ta tsaga shi.
Na saurara sau shida, wayar ta mutu.

Na sauke kwamfuta ƙasa, na tayar da turmin.
Ƙanshin daddawa da citta na nan ciki, bai je ko'ina ba.
Na lalubo taɓarya a duhu,
ni da ban taɓa riƙe ta ba,
na buga sau ɗaya. Babu komai a ciki.
Na ƙara.

Daga bayan katanga, muryar barci:
Barira ce ta dawo?
A'a, Inna, ni ne.

Ta yi shiru har na ji kunya.
Can ta ce, to ci gaba mana,
unguwar ta daɗe ba ta ji daka ba.