Katangar da Ba Ta da Laka

Da sassafe nake hawa dutsen Masvingo,
guduma a jaka, tuwon masara a ƙunshe.
Birai sukan riga ni, su jeru bisa katanga
kamar dattawan da aka hana magana a taro.
Aikina ɗaya ne, shekara talatin da ɗaya:
in dutse ya zame, in mayar da shi gurbinsa.
Babu laka a ginin nan, babu siminti,
nauyi ne kawai yake riƙe da nauyi.

Jiya wani baƙo ya zo, malafa a ka, littafi a hammata.
Ya shafa bango, ya jinjina kai, ya ce,
"Waɗanda suka yi wannan ta teku suka zo.
Dubi jerin nan, dubi lanƙwasar.
Basirar mutanen nan ba ta kai nan ba."
Jerin da yake yabo kuwa
ni na ɗora shi bara, bayan ruwa ya rushe shi.
Na dubi tafina, duk kanta, na sa a aljihu.

Ubana Garikai ɗan jagora ne
a zamanin da ƙasarmu ke amsa sunan wani.
Aka ba shi takarda, aka ce haddace:
wai fararen fatake ne, wai wata sarauniyar ƙetare.
Da rana ya faɗa don mu ci abinci,
da dare ya kurkure baki, ya ɗora ni a cinya.
"Zivanai, wuta kakanninka ke hurawa kan fā,
in ya yi zafi su kwara masa ruwan sanyi,
ya tsage falle-falle, su sassaƙe, su jera."

Masu tono sun zo neman ƙashin baƙo.
Sun haƙa, sun haƙa,
sai tukunyar kakata, sai mazari, sai bakin fartanya.
Na farkonsu suka watsar da ƙasar gefe
don ba amsar da suka zo da ita ba ce.
Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma an daɗe ana faɗa masa.

Da yamma jikana Tafara ya ji labarin baƙon.
Ya buga ƙafa, ido ya yi ja:
"Ashe mu ne a gaba! Muna gini suna barci!
Jininmu ya fi nasu!"
Na ji muryar mai malafa ta fito daga bakin yaro,
launin kawai aka sauya.

Na ja shi ɗakin ajiya, na nuna masa ta gilashi:
ga ɓallin tangaran, daga Sin ya taso,
ga tsakiya da ta ƙetaro ruwa,
ta bi hannu nawa, Allah kaɗai ya ƙirga.
Zinariyarmu ma ta tafi, tana wuyan wata
da ba ta taɓa jin sunanmu ba.
Na ce, "Tafara, bulalar da aka zane ka da ita
kar ka ɗauka ka ce gado ce.
Hikima baƙuwa ce mai yawon duniya,
ta kwana a gari, ta bar takalmi, ta yi gaba.
Ta kwana a nan, gaskiya ne, ta daɗe ma.
Birnin kuma ya watse, kamar na kowa."

Bai gamsu ba, shekararsa sha huɗu.
Ya ce, "To wa ya fi?"
Na ce, "Miƙo min wancan ƙaramin."
Ya miƙo, na cusa shi ƙarƙashin babban da ke rawa,
ɗan dutsen da ba mai ɗaukar hotonsa.
Bango ya tsaya.
Muka sauko, birai suka koma wurinsu.