Saiwa Uku

Wata takwas gulbin nan hanya ce.
Amalanke na ratsa cikinsa, yara na buga ƙwallo,
mata na tonon yashi su ɗebi ruwa da ƙoƙo.
Sai wani daren Laraba,
ko ɗigo bai sauka a Maraɗi ba,
can kudu wajen Jibiya sama ta ɓalle.
Da asuba muka tarar ya iso,
ja kamar kunun kanwa,
ɗauke da karan bara da takalmin wani.

Kawu Nomau ba ya kwance jirgi sai ya tsuguna.
Ƙiryar bakin gaɓa ce ma'auninsa:
saiwa uku a waje, bismillah, a shiga.
Biyu, mutum huɗu, ban da babur.
Ɗaya kuwa, ko gawa ce ta jira.

Ya ce, Arzika, ruwa rubutu ne.
Inda yake haushi yana zubar da kumfa,
dutse ne, ya faɗa maka gaskiya, kauce masa.
Ka ji tsoron inda ya yi sumul
kamar man gyaɗa a faranti,
nan kututture ke kwance ya yi lamo.
Mangwaron lambun Mati da gaɓa ta zaizaye ta kayar,
rassansa rariya ce:
ruwa ya wuce, kai ka saura.
Ƙasan tsohon dakalin siminti
ruwa na faɗawa ya naɗe ya dawo baya,
na ga akuya ta kwana biyu a nan tana juyi,
ba ta nutse ba, ba ta tafi ba.
In ka faɗa, kada ka nemi ƙasa da ƙafa,
yashin gulbi ba ya mayar da ajiya.
Kwanta rigingine, ƙafafu gaba,
ka bar shi ya gaji da kai.

Na haddace duka, har ina koya wa wasu.

Ranar Juma'ar kasuwa zazzaɓi ya kayar da kawu.
Saiwa biyu na gani, ban musa ba.
Amma Tsahara na tsaye da kwando shida na tumatir,
ta ce rana na hawa, in ya ruɓe wa zai biya?
Wani ɗan Sumarana ya turo babur
ya miƙo jaka biyu sababbi ƙar.
Na dubi saiwa, na dubi hannunsa.

Mun kai tsakiya lafiya.
Har na fara jin kaina.
Sai gora ta nutse ba ta taɓa komai ba,
goshin jirgi ya hau wani abu mai tauri,
gindinsa ya juya kamar jaki ya ga kura,
sama ta koma gefe.

Abin da na tuna kaɗan ne:
ɗanɗanon laka,
salatin Tsahara da ya yanke a rabi,
ƙafata na roƙon ƙasa ina hana ta.
Masu lambu suka jefo igiyar guga,
suka jawo mu ɗaya ɗaya, mu biyar, da rai.
Tumatir ya bi gulbi a jere, ja a kan ja,
aka ce har Tibiri yara sun tsinta.

Kawu bai ɗaga murya ba.
Daga kan tabarma ya ce, saiwa nawa?
Na ce biyu.
Ya ce, to ba idonka ne ya nutse ba.
Ya juya bango.

Damina biyu na yi ina biyan babur.

Jiya, cikin rani, na taka gulbin a ƙafa,
yashi na ƙona min tafi.
Na sami kututturen.
Bai kai gwiwata ba.
Wata yarinya na zaune a kansa tana shan rake,
ta matsa mini, ta ce, zauna mana, baba, akwai wuri.