Ƙoshiyar Nomau

A Maiwurno, bayan rumbu,
na tono ƙoshiyar kakana Nomau.
Gara ta ci gefe, ta bar tsakiya,
inda yatsansa ya yi wa icen kwarmi.

Gabas ya nufa, da ƙafa,
allera da masefi a burgame.
Ya ce kaka ɗaya zai yi a bakin Nilu,
ya tsinci audugar Jazira, ya haɗa guzuri, ya wuce.
Kaka ta zama arba'in.

Tabawa na kaɗi da dare, alli a yatsa.
Shi ya ja wadari
daga gindin dalbejiya har bakin rijiya,
kunkuru na jan ciki a ƙasa,
kullum taku ɗaya, kamar tafiyarsa.

Harami yake saƙa wa kansa.
Larabawan gari suka shafa suka ce,
"Damuriyarka siririya ce, amma ba ta mutuwa."
Na farko ya sayar, ya auno dawa.
Na biyu aka tsaga, aka goyi babana.

Babana Dafa'alla ya tafi Hasahisa,
masaƙar da jiniya ke riga ladan kira.
Abin da Nomau zai saƙa a wata,
shi kan sauke kafin shayinsa ya huce.
Ya dawo gida da kunne ɗaya
da ƙurar auduga a ƙirji,
tana fito in ya kwanta.
Yanzu tantabaru ke aikin dare a can.

Ni almakashi gare ni, a kasuwar Madani.
Ina auna yadi da mita,
ban san hannun da ya saƙa ba,
in ma akwai hannu.
Ko zare ya tsinke, ban iya ƙullin masaƙa ba.

Da na je Umra, ta sama na bi.
Haramina tawul ne mai rubutun Sin.
Amma na ukun, wanda bai ƙarasa ba,
ƙwarya guda, faɗin tafin hannu,
na ɗaura a ƙugu daga ciki,
muka zaga Ɗaki sau bakwai.

Ƙoshiyar na rataye a shago.
Jiya wani yaro ya ɗaga kai,
ya ce, "Baba, ƙaramin kwalekwale ne?"
Na ce masa i.
Shekara arba'in yana kai da komo,
bai haye Maliya ba.