Duk Mai Ƙafa Huɗu

Barira ba ta cika shekara biyu ba,
kalmominta ba su cika tafin hannu ba.
Ta farko, bayan "Inna", ita ce "akuya".

Jakin mai ruwa ya tsaya a ƙofar gidanmu nan Daura,
ta nuna shi da yatsa: akuya.
Karen maƙwabta ya gifta: akuya.
Da la'asar ta durƙusa gaban kujerar uwarta,
ta daɗe tana duban ƙafafun,
sannan ta miƙa mata dusa.

Aka yi dariya har da share hawaye.
Tawa dariyar ta maƙale a maƙogwaro,
don yarinyar ba ɓatan kai ta yi ba.
Kwando ɗaya gare ta,
duniya kuwa sai zubo kaya take.

Na tuna Kawu Nalado a rumfarsa.
In na ce "hatsi", sai ya dube ni kamar na zagi wani.
"Wannan gero, wannan maiwa,
ga kaura, ga farfara,
wannan kuwa ta yi damina a rumbu mai yoyo,
shinshina ka ji."
Inda idona ya ga tsibi guda
nasa dangi ya gani, kowa da halinsa.
Shekara arba'in yana saƙa kwanduna a ransa,
ƙanana, ƙanana,
har da wanda ƙwaya goma ke cika shi.

Ban san wanda ya fi gani tsakaninsu ba.

Da magariba wasu baƙaƙe suka ɓalle daga ɗurumi.
Ta ja rigata, tana nuni.
Na buɗe baki zan ce tsuntsu,
sai na tuna haƙora, na tuna nono.
Zan ce dabba, ga shi yana keta sama.
Na ce, "Jemage."
Na ba shi ɗakinsa shi kaɗai,
yadda muke yi wa duk abin da ya gagare mu.

Can wajen Kwangwalam na taɓa tsayawa a wata gona,
iri ɗaya, ruwa ɗaya ya sauka mata,
aka ce mini wannan kunyar tamu ce,
waccan ta wata ƙasa.
Na duba ƙasa ban ga layin ba.
A kaina yake, na zo da shi tun daga gida.
Geron dai ya ci gaba da kaɗawa.

Jiya mai ruwa ya dawo.
Barira ta dube shi, ta dubi dogayen kunnuwa,
ta yi shiru kamar mai lissafi,
ta ce, "Jaki."
Uwarta ta rangaɗa guɗa.
Ni ma na yi murna, wallahi na yi.

Sai dai da na waiga,
ga kujera can gindin bango
da ƙafafunta huɗu,
yau ba wanda ya kawo mata dusa.