Hatimi a Aljihu

Aliero, bayan isha'i.
Warin albasa ya cika zaure.
Luba tana haddar jarrabawa da hasken tocila,
ni ina lissafin buhunan da suka ruɓe a rudu.

Ta ce, Baba, ja mini baƙi.
Na karɓi littafin da hannu mai ƙasa.
Amurka. To, ina ruwan manomi da Amurka?

Ta rufe ido ta fara zubowa:
jihohi sha uku, sun tuɓe rigar sarkin Ingila,
sai suka tarar babu mai iya tara ko sisin haraji.
Suka shiga ɗaki a tsakiyar zafi,
suka rufe tagogi, wata huɗu ana gardama.
Ƙanana na tsoron manya su haɗiye su.
Aka ce majalisa ta zama biyu:
ɗaya a ƙirga kawuna,
ɗaya kowa ya kawo mutum biyu, ko ƙauye ne ko birni.

Na ce, wannan ai rigimarmu ce da mutanen Jiga,
su ashirin, mu ɗari uku, famfon ban ruwa ɗaya.
Ta ce, Baba, kada ka ɓatar da ni.

Iko kuma suka girka shi bisa murhu.
Dutse guda na yin doka,
guda na zartarwa, guda na shari'a.
Ba don sun yarda da juna ba,
don sun san kura ko ta tuba
ba a barin ta ita kaɗai da akuya.

Sai muryarta ta yi ƙasa.
Bayin da ke nome musu taba,
kowane biyar an lissafa su uku.
Na ajiye biro.
Ko albasa ba na yi wa wannan awo.

Shugaban farko fa? Na tambaya don in huce.
Shekara takwas, Baba.
Ana so ya zarce, ya ce ya isa,
ya koma gona.
Gonar da bayi ke noma masa, ta ƙara,
don Luba ba ta barin magana da saura.

Nan ta buɗe ido ta dube ni.
Ba ta ce komai ba.
Gara ma da ta ce.

Shekara sha ɗaya ke nan
ina shugaban ƙungiyar manoman albasa.
Ni ne mai sa hannu, ni ne mai ajiyar kuɗi,
in an yi faɗa a kan taki ni ne alƙali.
Ban ci kwabon kowa ba, Allah shaida.
Amma Labbo ya daina zuwa taro,
Kakale in ya gaishe ni, ƙasa yake kallo.
Tukunyata a bisa dutse ɗaya take,
ni ke tallabe ta da gwiwa
ina cewa ai ba ta taɓa zuba ba.

Tocila ta fara ja. Ta kwashe littattafai.

Gobe Asabar akwai taro a gindin darbejiya.
Hatimin yana aljihun rigata,
nannaɗe cikin leda, bai kai albasa guda nauyi ba.
Tun ɗazu nake juyi a kan tabarma,
shi kuma yana tokare mini haƙarƙari.