Ƙofar da Muka Bar wa Masaƙiya

Ƙarshen Agusta a Llanidloes.
Rana ta fara rowar kanta,
ta fito a makare, ta koma da wuri.
Ni kuwa likita ya ɗaure mini ƙafa,
ya ce mako shida, ba tuƙi, ba hawa.
Shekara talatin ina jan bas tsakanin tsaunuka,
ban taɓa sanin masu haya a lambuna ba.

Eirlys, 'yata, ta ajiye mini kyamara
da kujerar roba a gindin tuffa,
ta ce, Baba, ɗauki duk abin da ya motsa.

Na ɗauki reshe.
Na sake ɗaukar reshe.
Reshe arba'in da bakwai na tara,
kowanne yana lilo, mai shi ya riga ya tashi.
Ɗan tsuntsu mai jan ƙirji ya raina ni ƙwarai,
sai ya dira a kan sandata,
kusa har gilashi ya kasa ganinsa,
ya karkace kai kamar mai bin bashi.

Masu jar fuska da zinare a fiffike
sukan zo su bakwai kan ƙaya mai auduga,
suna gardama, suna ɓarin iri.
Wutsiyar ɗaya na samu. Na adana ta.

Rina sun bugu da ruɓaɓɓiyar tuffa,
suna tangaɗi a ciyawa, ba mai tallabar wani.
Malam-buɗe-littafi ya buɗe a jikin bango,
shafi biyu, gefensu duk ya yage,
bazara ta karance shi tas.
Mazari ya tsaya cak a iska, ya dube ni,
kafin in ɗaga hannu ya zama labari.

Ita kaɗai ta tsaya mini.
Ran Talata da sassafe raɓa ta tona asirinta:
ta ja zare daga ƙyauren lambu zuwa shinge,
ta zauna tsakiya, kai ƙasa,
fararen ɗigo a gadon bayanta,
ƙafa takwas, kowace tana sauraron zarenta.
Na riƙe numfashi. Ƙyas.
Hoton farko ke nan da bai kunyata ni ba.

Muka bar mata ƙofar.
Eirlys na zagayawa ta bayan ɗakin shirgi tana mita,
shara ma ta can muke fitarwa.
Kwana tara.
Na ga ta naɗe ƙuda kamar mai ƙulla guzuri.
Na ga wani siririn namiji ya taɓa zare da ladabi,
ya ja da baya, ya sake taɓawa.
Ban ƙara ganinsa ba, ban kuma tambaya ba.

Sai ga Idwal mai kai wasiƙa, ya dawo daga hutu,
ba wanda ya gaya masa.
Ya banko ƙyaure yana fito,
ya share fuska da hannun riga,
ya miƙo mini takardar kuɗin wuta.
Na karɓa. Gaisuwarsa ce ban karɓa ba.

Da yamma na hango ta a gindin ganye
tana haɗiye ragowar zaren,
ba kuka, ba kai ƙara.
Gari na wayewa ta sake kafa saƙa,
ƙarama, ta ɗan karkace,
a daidai inda aka yi mata ɓarna.

Tsattsewa sun fara sahu a wayar lantarki,
jiya ashirin, yau na ƙirga sittin na gaji.
An ce teku za su ƙetare, da hamada.
Ko ɗaya ba ta tsaya an ɗauke ta ba.

Litinin za a kwance mini ƙafa.
Na yagi kwali, na rubuta, na rataya a shinge:
Idwal, zagaya ta baya.
Na san sanyin farko zai ɗauke ta.
To, a bar wa sanyin aikinsa.